Yadda ɗan canke ya kusa kayar da lissafina a kan farfaɗiya

Ranar da na fara ganin kashi 98 a fuskar kwamfutata wallahi ban runtsa ba. Kusan shekara kenan ina fama da aikin digirina na biyu, aikin kuwa shi ne in koya wa kwamfuta ta riƙa kallon siginar ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ta ce ga ciwon nan tafe tun kafin ya taso, ni kuma ɗan lissafi ne, ban taɓa karatun likita ba, ban san komai a kan ƙwaƙwalwa ba in ban da cewa tana cikin kai. Sai ga shi furogiram ɗin da na rubuta yana cewa cikin gwaji ɗari ya ci 98. Har na fara tunanin sunan mujallar da zan tura wa.

Da safe na kai wa sufabaizana. Ya kalli giraf ɗin bai fi minti ɗaya ba, ya ce "ya ka raba datar?" Na ce ranka ya daɗe na yanyanka rikodin ɗin ne zuwa guntaye na sakan goma goma, na cakuɗa su, na ba kwamfuta kashi 80 ta yi koyo da su, sauran 20 na ajiye na jarraba ta. Ya cire tabarau ya ce "to ai ka nuna mata takardar jarrabawa kafin ta shiga aji." Ban gane ba sai da ya zana min a takarda. Guntun sakan goma na farko ya faɗa ɓangaren koyo, wanda ke manne da shi ya faɗa ɓangaren jarrabawa, su biyun kuwa kamar an tsaga kara suke saboda mutum ɗaya ne, minti ɗaya ne, wayoyin kansa ma ba su motsa ba. Kenan kwamfutar ba alamar ciwo ta koya ba, ta haddace ne cewa wannan guntun maƙwabcin wancan ne. Ya ce in koma in raba da lokaci, ta koya da kwanakin farko, a jarraba ta da kwanakin da ba ta taɓa gani ba, sannan ya ƙara wata magana da a lokacin na ɗauka ba'a yake min, ya ce "kuma ka haɗa ta gasa da ɗan canke."

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san harkar ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da yawansu ya kai wajen biliyan 86, da wutar lantarki ƴar mitsitsiya suke yi wa juna magana, kuma in ka manna wayoyi a fatar kai za ka iya ɗauko burbushin wannan wutar. Shi ne EEG. Wani likita Bajamushe Hans Berger ne ya fara ɗaukarsa a jikin ɗan adam a 1924 a garin Jena, bai ma fitar da sakamakon ba sai 1929. Abin da ake gani layuka ne masu hawa da sauka, kowace waya da nata layin, ƙarfinsu ƴan gommai ne na maikurobolt, wato kaso ɗaya cikin miliyan na bolt. Kamar ka kafa kunne a bangon gidan da ke cike da mutane ne, ba za ka ji me kowa ke cewa ba, hayaniya kawai za ka ji. In farfaɗiya ta taso sai hayaniyar nan ta rikiɗe ta koma kamar kowa ya ɗauki baiti ɗaya yana maimaitawa tare, layukan su yi tsini su riƙa bugawa a jere. A wata irin farfaɗiyar yara da yaro ke ɗauke wuta na ƴan sakanni yana zaune ido buɗe, bugun sau 3 ne a sakan, a tsare kamar agogo, ko ni da ba likita ba ina gane shi daga nesa.

Gane ciwon bayan ya riga ya taso ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce awa ɗaya ko minti talatin kafin nan, lokacin da layukan ke tafiya lafiya lau a ido, shin akwai wani abu da ya fara sauyawa a ƙarƙashi da lissafi zai iya tonowa? Kuma ba tambayar jin daɗi ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da ciwon na tashi ba in sun samu maganin da ya dace, amma ragowar nan, kusan ɗaya cikin uku, magani ba ya riƙe musu shi. Su ne ke kwana su tashi ba su san yaushe ba.

Data ta farko da na yi aiki da ita ta asibitin yara na Boston ce da jami'ar MIT, tana nan kyauta a shafin intanet na PhysioNet, mutum 22 ne, ana ɗaukar lamba 256 a kowane sakan daga kowane layi, yawancin rikodin ɗin kuma layi 23 ne. Ka buga ka gani, awa ɗaya tak ta haura lamba miliyan 21. Abu na farko da ake yi musu shi ne lissafin Fourier, wanda ke warware layin nan mai murɗe-murɗe ya nuna maka bugu nawa ne masu sauri, nawa ne masu tafiya a hankali a cikinsa. Ƙasa da sau 4 a sakan ana ce masa delta, shi ke cika barci mai nauyi, daga 8 zuwa 13 alfa, shi ke fitowa in mutum ya rufe ido ya natsu, sama da 30 gama. Ni a lokacin jin kaina nake kamar mai duba, na ɗauka in na jera waɗannan lambobin gaskiya za ta fito da kanta.

To sai na yi abin da Malam ya ce. Kashi 98 ya narke. Abin da ya rage bai fi na mai jefa ƙwandala sama ba sai da ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ɗin ma da na bi diddigi sai na tarar da wani abin kunyar. Wasu daga cikin marasa lafiyar ciwonsu ya fi tashi cikin barci ko dab da farkawa, ni kuma guntayen da na kira "lokacin lafiya" yawanci na rana na ɗebo. Ashe furogiram ɗin barci ya koya. Yana ganin delta ta yi yawa sai ya buga ƙararrawa. Na ƙera na'urar gane mai barci ina kiranta na'urar hango farfaɗiya, haba.

Daga nan ne na fahimci me ake nufi da ɗan canke. Ɗan canke furogiram ne da bai kallon ƙwaƙwalwa kwata-kwata, yana kunna gargaɗi ne kawai yadda ya ga dama. Ka ce naka furogiram yana yin ƙararrawar ƙarya 0.15 a awa, abin kamar ƙarami ko? A kwana ɗaya ya zama 3.6. In kowane gargaɗi na nufin mutum ya zauna cikin shiri na awa biyu, to sama da awa 7 kenan a kullum, kusan kashi 30 na rayuwarsa yana ɗar-ɗar. Ɗan canke ma in ka bar shi ya riƙe kashi 30 na lokaci a matsayin haɗari zai kama kusan kashi 30 na tashin ciwon, da sa'a kawai. Saboda haka in ka zo kana murna ka kama kashi 35, me ka yi? Akwai ma wanda ya fi wannan ban dariya. A ce mutum ciwonsa sau ɗaya yake tashi a mako, awa 168 kenan, awa ɗaya ce kaɗai ta "kafin ciwo". Furogiram ɗin da ba ya cewa komai sai "lafiya lau" kullum zai yi daidai sau 167 cikin 168, kashi 99.4, kuma bai amfana wa kowa komai ba. Tun daga ranar duk takardar da na ga ta rubuta kashi casa'in da wani abu da manyan baƙi, wurin da suka bayyana yadda suka raba data nake fara buɗewa.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne da na koma karatu na ga ba ni kaɗai ramin ya taɓa ci ba, fannin gabaɗaya ya bi ta nan. A shekarun 1990 an yi ta ɗoki da lissafin hargitsi, wanda ke nazarin abubuwan da ke kama da rikici amma suna da doka a ɓoye. Leon Iasemidis da Chris Sackellares a Amurka sun yi amfani da ma'aunin Lyapunov, mai auna yawan hargitsi, suka ce hargitsin ƙwaƙwalwa na raguwa kafin ciwo, Klaus Lehnertz da Christian Elger a Bon ta Jamus suka fito da nasu ma'aunin a 1998, wata tawaga a Faris ita ma ta ba da rahoto mai kama da haka. Mutane ne masu ilimi sosai, kuma tunanin na da kyau. Amma da aka zo ana gwada hanyoyin a kan rikodi masu tsawo, ana kwatanta su da canke, da yawa ba su tsallake ba. A 2007 Florian Mormann da abokan aikinsa suka yi dogon bita a mujallar Brain suka faɗi hakan ƙarara, suka kuma jera sharuɗɗan da ya kamata duk mai da'awar hange ya cika. Malam ya sa na karanta bitar nan sau biyu, na biyun da biro a hannu.

Wani darasin kuma ba a kwamfuta na koye shi ba. An ba ni izinin zama na ƴan kwanaki a ɗakin da ake sa ido a kan marasa lafiya da kyamara da EEG, ina gefe ina kallo. Ma'aikaciyar da ke manna wayoyin ta auna kan mutumin da tef, ta ɗiga alama da fensir, ta goge fatar, ta shafa man manne, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a tsarin da ake kira 10-20. Can ina kallon allo sai na ga layukan gefen kai sun haukace, sun cika da tsini baƙi ƙirin, gabana ya faɗi na ce mata Anti ga shi nan ya taso! Ko ɗagowa ba ta yi sosai ba ta ce "tauna yake yi." Na leƙa kyamara, bawan Allah yana cin abincinsa hankali kwance. Daga nan ta riƙa nuna min, wannan ƙiftawar ido ce, ga ta a layukan goshi, wannan waya ce ta saki, wannan gumi ne, wannan siririn zaren da ke bin ko'ina kuwa wutar gini ce, sau 50 a sakan, a Amurka 60. Duk waɗannan suna cikin lambobin da na yi watanni ina yi wa Fourier ban taɓa buɗe su na kalla da idona ba. Ta kuma faɗa min abin da babu shi a fayil ɗin data, cewa a irin wannan ɗakin sau da yawa ana rage wa mutum magani da gangan don ciwon ya taso a gano inda yake farowa kafin tiyata, wani lokacin har a hana shi barci. Kenan ƙwaƙwalwar da nake nazari ba a halinta na gida take ba.

Inda lissafin ya fi burge ni, har yanzu ma, shi ne wurin tambayar ta yaya ƙwaƙwalwa ke tsallakawa daga lafiya zuwa ciwo. Ka ɗauki kwano mai rami biyu da ƴar tsakuwa a ciki, rami ɗaya lafiya, ɗayan ciwo. Kullum kwanon na ɗan girgiza, tsakuwar na motsi tana komawa gindin raminta. Hanya biyu ce za ta iya faɗawa ɗaya ramin. Ko dai ramin lafiyar ya riƙa cikewa a hankali yana zama fili, a nan kuwa akwai alama, domin duk girgizar da aka yi tsakuwar za ta daɗe kafin ta dawo mazauninta, kuma za ta riƙa yawo da nisa fiye da da, wannan jinkirin ana iya auna shi a sigina. Ko kuma ramin na nan yadda yake, sai wata girgiza mai ƙarfi ta zo haka kawai ta wurga ta. Fernando Lopes da Silva da abokansa sun yi wannan bayanin tun farkon shekarun 2000, kuma abin da ya biyo baya ba daɗi, in ciwon mutum ta hanya ta biyu yake zuwa, babu wani lissafi da zai faɗa maka minti, don babu alamar da za a kama tun asali. A 2014 Viktor Jirsa da tawagarsa a Faransa suka fitar da wani tsarin lissafi da suka kira Epileptor, ma'auni biyar kacal, ɗaya daga ciki yana tafiya a hankali sosai shi ke tura ƙwaƙwalwar cikin ciwo ya kuma fito da ita. Na zauna na rubuta shi a kwamfuta da kaina, da na ga layi biyar na lissafi suna fitar da abu mai kama da farawa da ƙarewar ciwo na gaske sai da tsigar jikina ta tashi. Sai dai kama da abu daban, hango shi daban, wannan ma sai da na sha wuya kafin in yarda.

To shin ana iya hangowa ko ba a iyawa? Ana iyawa ga wasu mutanen, kuma hujjar da ta fi ƙarfi daga Melbon ta Ostareliya ta fito. A 2013 Mark Cook da abokan aikinsa suka wallafa gwajin na'urar kamfanin NeuroVista, an dasa wa mutum 15 wayoyi a saman ƙwaƙwalwa ƙarƙashin ƙoƙon kai, suna yawo da ƴar na'ura a hannu mai fitila, ja in haɗari ya yi yawa, fara in matsakaici ne, shuɗiya in ya yi ƙasa. Ga wasunsu ta yi aiki sosai, ga wasu ba ta taɓuka abin kirki ba. Gwajin ya kuma tono wani abu da ya girgiza ni, adadin tashin ciwon da mutane ke rubutawa a littafinsu ya sha bamban ƙwarai da wanda na'urar ta ɗauka, saboda wani ciwon cikin barci yake zuwa, wani kuma yana shafe tunanin abin da ya faru. Wato har "amsar" da muke auna furogiram da ita na iya zama ba daidai ba. Daga baya kamfanin ya rasa kuɗin ci gaba aka cire wa mutanen na'urorin, abin da har yau in na tuna yake min ciwo, amma datar da ta rage ta watanni da shekaru ta zama taska, da wani ɓangarenta aka yi gasar hango ciwon ta 2016 a Kaggle, shafin intanet da masu aikin data ke fafatawa, bayan wadda aka yi a 2014 da siginar karnuka masu farfaɗiya da ta mutane.

Kuma rikodi mai tsawo ne ya juya tambayar gabaɗaya. A 2018 Maxime Baud da abokansa suka duba mutum 37 masu ɗauke da na'urar NeuroPace a kai na tsawon shekaru, suka ga ƙananan tartsatsin da ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ke yi tsakanin ciwo da ciwo suna hawa suna sauka a zagaye, akwai na kwana ɗaya, akwai na kwanaki da yawa, galibi 20 zuwa 30, a maza da mata duka, kuma ciwon ya fi son tashi a lokacin da zagayen ke hawa. Philippa Karoly a Melbon ita ma ta nuna irin waɗannan zagaye a bayanan mutane masu yawa. Ni da na yi ta haƙa cikin sakan goma ina neman alama, ashe babbar alamar na shimfiɗe a tsawon makonni, rikodin ɗina na ƴan kwanaki ba zai taɓa nuna ta ba. Kuma ka lura da abin dariyar, barcin nan da furogiram ɗina ya koya na ji kunya, ba shirme ne zalla ba, lokacin yini da barci na daga cikin abin da ke ɗaga haɗarin da gaske, laifina shi ne ban san abin da na kama ba, na sa masa sunan da ba nasa ba. Yanzu ɗan canken da nake gasa da shi ma na ƙara masa wayo, na ba shi agogo, ya san awannin da ciwon mutum ya saba tashi. In ban doke wannan ba ban yi komai ba.

Saboda haka na daina cewa furogiram ya ce min "e" ko "a'a". Yanzu kaso yake bayarwa kamar masu hasashen ruwan sama, kuma abin da nake aunawa shi ne in ya ce kashi 20, to a cikin ranakun da ya faɗi haka, shin ɗaya cikin biyar ne ciwon ya tashi? Aiki ne marar armashi, babu giraf mai sheƙi da za ka nuna a taro.

A ranar ƙarshe ta zamana a ɗakin nan, wata baiwar Allah da ke kwance da wayoyi a kai ta tambayi ma'aikaciyar ni wane ne, aka ce mata ɗalibi ne mai son ƙera abin da zai riƙa gargaɗi kafin ciwo ya zo. Ta ɗan yi shiru sannan ta ce min, "Malam, ni ba sai ka faɗa min yaushe zai zo ba, in za ka iya faɗa min yau ba zai zo ba, ko na awa biyu ne, in yi wa ɗana wanka da hannuna ba tare da an tsaya a kaina ba, ya ishe ni." Ban iya ce mata komai ba sai Allah ya ba da lafiya. Da na koma na buɗe rubutun aikina na ga tun daga shafin farko har na ƙarshe jar fitila nake bi, ko sau ɗaya ban auna sau nawa furogiram ɗin ya ce lafiya lau ciwon kuma ya tashi ba. Shuɗiyar ta fi wuyar alkawari, don kuskure ɗaya a nan yana iya samun mutum a cikin ruwa ko a kan titi. Na je na gaya wa Malam ina so in ƙara babi a kanta, ya ce zai ja min wata shida. Na ce na ji. Babin nake kai yanzu, kuma a mutum biyu daga cikin waɗanda nake gwadawa ɗan canke mai agogo har yau yana gabana.